Malamina na neman kujerar shugaban jami'a, ni kuma ɗakin gwajinsa nake ji

Ƙaramin Lakcara:
Assalamu alaikum malamaina da iyayena. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun makon jiya, na ga gara in kawo shi gabanku. Malamin da ya duba min kundin digirin digirgir ya shigar da takardunsa na neman kujerar shugaban jami'a. Kowa na yi masa addu'a, ni ma ina yi, domin ya cancanta. Amma wallahi zuciyata ba ta kwanta ba. Shi ya kafa ɗakin gwajinmu da guminsa, shi yake rubuta takardun neman tallafi, sunansa masu ba da kuɗin suka sani. Tun da ya zama shugaban tsangaya muka fara ganinsa sau ɗaya a wata, shi ma a tsaye, waya a kunne. Akwai ɗalibai huɗu da aikinsu ke hannunsa. Idan ya hau wannan kujerar shekara biyar, wa zai riƙe su?

Ni ma kaina an yi min tayin zama jami'in jarrabawa na sashe, ana ce min daga nan ake farawa. Farawa zuwa ina? Shin dole ne duk wanda ya yi fice a bincike a jami'o'inmu na Afirka ya ƙare a ofis yana sa hannu a takardun dizal?

Tsohon Magatakarda:
Wa alaikumus salam ɗana. Na yi shekaru ina rubuta bayanan zaman hukumar gudanarwa, na ga shugabanni sun zo sun tafi. Bari in tambaye ka: idan irin malaminka ba su nemi kujerar ba, wa kake so ya nema? Kujera ba ta zama babu kowa. In masani ya ƙi ta, wanda bai san zafin bincike ba zai hau, kuma shi zai yanke hukunci a kan ɗakin gwajin naku.

Dubi waɗanda suka aza harsashi. Kenneth Dike, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ibadan daga 1960, masanin tarihi ne na gaske, kuma shi ya tsaya aka kafa gidan adana takardun tarihi na ƙasa. Ishaya Audu likitan yara ne, bai kai shekara 40 ba aka miƙa masa Jami'ar Ahmadu Bello a 1966, ya riƙe ta har 1975, ya ratsa da ita yaƙin basasa. Iya Abubakar da ya gaje shi gwanin lissafi ne. Da waɗannan sun ce su dai a bar su da allo, da ba mu sami jami'ar da muke tinƙaho da ita ba. Kuma mun ga ɗaya ɓangaren: a 1995 gwamnatin Abacha ta naɗa soja, Manjo Janar Mamman Kontagora, kantoma a kan jami'ar nan ta Zariya. Duk abin da mutum zai ce game da aikinsa, ranar da aka kai ga haka malamai sun rasa wani abu mai girma.

Malamar Lissafi:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban ƙi ta taka ba. Sai dai duba sunayen da ka kawo, ka bi su har ƙarshe. Ishaya Audu ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Shagari. Iya Abubakar ya zama minista, daga baya sanata. Jibril Aminu likitan zuciya ne, ya riƙe Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa daga 1975, ya shugabanci Jami'ar Maiduguri daga 1980 zuwa 1985, sai ministan ilimi, sai ministan man fetur, sai jakada, sai sanata. Ƙasa ta amfana da su, babu mai musu. To amma lissafi da likitanci fa? Hanyar a wurinmu kusan ɗaya ce: daga aji zuwa ofis, daga ofis zuwa Abuja. Mai komawa bencin bincike ya ɗauko aikin da ya bari, da wuya ka gan shi. Wannan ne damuwar ƙanena, ba wai cancantar malaminsa ba.

Mai Faɗin Gaskiya:
Ku yi haƙuri, ni zan faɗe ta yadda take. Ana ta ambaton su Dike, alhali neman kujerar yau ba irin ta jiya ba ce. Yau kujera ɗaya, farfesoshi gommai a layi. Ana kamun ƙafa wajen sarakuna, ana zuwa gidajen 'yan siyasa da dare, garin da jami'a take ya taso ya ce sai ɗan ƙasa. Kun manta shugaban farko na Jami'ar Ahmadu Bello, Norman Alexander, daga New Zealand ya fito? Yanzu ɗan jihar da ke maƙwabtaka ma baƙo ne. Kuma me ya sa ake rububin? Domin farfesa da albashinsa kaɗai ba ya iya riƙe gida, amma kujera akwai mota, akwai gida, akwai kwangila. Ku gyara albashi ku ga ko layin bai ragu ba.

Tsohon Magatakarda:
Malam, a sassauta harshe. Akwai gaskiya a maganarka amma kada a yi wa kowa kuɗin goro. Na san waɗanda suka sauka daga kujerar ba su da gidan kansu. Kuma doka ta yi ƙoƙarin rage wannan rikici. A jami'o'in tarayya yanzu wa'adi ɗaya ne na shekara biyar, babu zarcewa, domin a da neman zango na biyu shi ke raba kan malamai gida biyu. Sannan dokar 'yancin jami'o'i ta 2003 ta mayar da ikon naɗin hannun hukumar gudanarwa: kwamitin haɗin gwiwa na hukumar da majalisar malamai ya tace, ya fitar da mutum uku, hukuma ta zaɓi ɗaya ta sanar da shugaban ƙasa. A takarda tsarin ba shi da laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne wa ke naɗa 'yan hukumar.

Malami daga Yamai:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina bin maganar tun ɗazu, bari in kawo namu na Nijar, don akwai misalin da ya dace da tambayar yaron nan. Jami'armu ta Yamai sunan Abdou Moumouni take ɗauke da shi tun 1992. Haifaffen Tasawa ne, 1929, masanin kimiyyar fiziks. Daga 1969 ya shugabanci ONERSOL, cibiyar binciken makamashin rana, a lokacin da mutane da yawa ke ganin zancen rana wasa ne. Sun ƙera na'urar dumama ruwa da murhun rana a nan Yamai. A 1979 aka ba shi shugabancin jami'a, ya yi 'yan shekarunsa, amma bai saki cibiyar ba, ya ci gaba da riƙe ta har 1985. Yau in an ambace shi, rana ake tunawa kafin kujera. Haka Cheikh Anta Diop na Senegal: bai taɓa shugabancin jami'ar Dakar ba, ɗakin gwajin auna shekarun kayan tarihi ya kafa ya zauna a ciki, amma bayan rasuwarsa a 1986 sunansa aka sa wa jami'ar.

Abu na biyu shi ne ƙarin girma. Mu ba jami'arka ce ke ba ka farfesa ita kaɗai ba. Akwai CAMES, hukumar haɗin gwiwar ƙasashen Afirka masu Faransanci kan ilimi mai zurfi, wadda aka kafa a nan Yamai a 1968, hedikwatarta a Wagadugu. Kana tura takardunka, malamai daga wasu ƙasashe su duba. A likitanci da shari'a da tattalin arziki ma gasa ake zaunawa, ka tsaya gaban alkalai ka ba da darasi. Ba na cewa ba ta da aibi, akwai jinkiri, kuma masu rubutu da Faransanci kaɗai take yi wa sauƙi. Amma shugaban jami'a ba zai iya danne ka don kun ɓata ba. Mu ma dai muna da namu ciwon: an sha yajin aiki a kan ko malamai ne za su zaɓi shugaban jami'a ko gwamnati ce za ta naɗa, a 2019 aka mayar da shi naɗi.

Malamar Lissafi:
Malam, na gode da wannan, musamman batun ƙarin girma, don nan ne tushen abin. Mu a nan matakala bakwai ce daga mataimakin malami mai digirin farko zuwa farfesa, kowane mataki galibi sai ka yi shekara uku. Ana ƙirga maƙalu kamar ana ƙirga buhuna. Wanda ya yi shekara huɗu yana aiki ɗaya mai nauyi, wanda ya yanka nasa gida shida ya watsa a mujallun da ake biya a buga cikin mako biyu ya wuce shi. Ga kuma maki na hidimar jami'a, wato riƙe muƙamai. Don haka ƙanena, waɗanda suka ce maka daga jami'in jarrabawa ake farawa ba ƙarya suka yi ba. Ni na riƙe shi shekara uku. Sakamakon ɗaruruwan ɗalibai, gyaran maki, iyaye a bakin ofis, ga aji, ga gida. A shekarun nan uku ban kammala aiki ko ɗaya ba, kuma har yau ina jin zafin abin.

Irin waɗannan ayyuka marasa suna, a lura, mata aka fi ɗora wa, ana cewa mun fi haƙuri da tsari. In aka zo babbar kujera kuma sai a nemi farfesa mai shekara goma a kan muƙami. Grace Alele-Williams ta shugabanci Jami'ar Benin daga 1985, mace ta farko a Najeriya, ta fuskanci 'yan ƙungiyar asiri ido da ido. Amma Jami'ar Legas sai 2022 ta sami mace ta farko, Folasade Ogunsola, Jami'ar Ghana sai 2021 da Nana Aba Appiah Amfo. A Arewa mun taɓa samun su Gambo Laraba Abdullahi a Abuja da Fatima Batul Mukhtar a Dutse, ana ƙirga su da yatsu.

Dakta a Ƙetare:
Yaya Malama, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ina aiki a Afirka ta Kudu, kuma babban bambancin da na gani shi ne a can tsani biyu ne. Hukumar bincike ta ƙasar tana auna malami ta ba shi daraja bisa ingancin aikinsa, masana na waje ne ke dubawa, kuma wanda ya sami daraja ta A ana girmama shi ko bai taɓa riƙe sashe ba. Tun 2006 kuma suka fito da kujerun bincike: a ba farfesa kuɗi na shekara biyar, ana sabuntawa, a rage masa koyarwa, aikinsa bincike da yaye ɗalibai. Mutum zai iya tsufa a kan wannan da mutuncinsa. Shugabancin jami'a kuma sana'a ce ta daban, ana tallata ta ga kowa. Adam Habib ya gama da Jami'ar Wits ta Johannesburg ya tafi ya shugabanci SOAS, makarantar nazarin Asiya da Afirka a Landan, Tshilidzi Marwala ya bar Jami'ar Johannesburg a 2023 ya zama shugaban Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ba aljanna ba ce, kujerar can ma tana cin mutum, duk wanda ya ga zanga-zangar kuɗin makaranta ta 2015 ya sani. Amma dubi abin da zama a benci ya haifar. A Nuwamba 2021 Sikhulile Moyo a Botswana da su Tulio de Oliveira a Afirka ta Kudu ne suka fara sanar da duniya nau'in korona na Omicron. A gida ma, Christian Happi ya baro Harvard ya zauna a Ede ta jihar Osun, cibiyarsa ta tabbatar da Ebola a 2014, ita ce kuma ta fara karanta ƙwayar halittar korona a Afirka a Maris 2020. Da an ɗauke shi an sa shi rabon ɗakunan kwanan ɗalibai, wa zai yi wannan?

Mai Faɗin Gaskiya:
Dakta, da girmamawa, kai ma ai ka tafi. Kana ba mu labarin tsani biyu daga inda wuta ba ta ɗaukewa.

Dakta a Ƙetare:
Gaskiya ne Malam, na tafi, kuma ban ji daɗin tafiyar ba. Na dawo gida da digirina na yi shekara biyu, samfuran da na tara suka lalace a firji saboda wuta, sau biyu. Na uku ban iya jira ba. Ina duba ɗalibai biyu na gida ta intanet, duk shekara kuma ina zuwa. Ban ce ya isa ba.

Dattijon Farfesa:
'Ya'yana, ku bar zargin juna, wannan ciwo ya girme ku. Thandika Mkandawire, ɗan Malawi da ya daɗe yana jagorancin CODESRIA, cibiyar binciken zamantakewa ta Afirka da ke Dakar, ya kasa masanan Afirka zuriya uku. Ta farko ta yi karatu a waje ta dawo ta gina jami'o'i. Ta biyu ta yi karatu a waje, da yawa ba su dawo ba, ko sun dawo sun sake fita. Ta uku a gida ta yi karatun, a lokacin da ɗakunan karatu suka bushe. Ni ina tsakanin ta biyu da ta uku. Na ga 1986 da idona, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu ya karya naira, mujallu suka daina zuwa, abokan aikinmu suka watse zuwa Botswana da Saudiyya da Amurka. Na ga an kori Patrick Wilmot daga ƙasar a 1988, an sallami Yusufu Bala Usman a 1989 sai da kotu ta mayar da shi. A Uganda abin ya fi muni: Frank Kalimuzo, shugaban Makerere, an ɗauke shi a 1972 zamanin Idi Amin, ba a sake ganinsa ba. Don haka kada ku ɗauka kujerar nan daɗi ce zalla.

Bala Usman ɗin nan har ya rasu a 2005 Dakta ake ce masa. Bai riƙe jami'a ba, amma ku ƙirga masana tarihin da suka fito daga hannunsa. A ɗaya gefen ga Attahiru Jega: ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU daga 1988 zuwa 1994, a zamaninsa aka cimma yarjejeniyar 1992 wadda ta haifi asusun harajin ilimi da ya zama TETFund a 2011. Kusan duk ginin kirki da kuke gani a jami'o'in gwamnati yau, da tallafin da ake tura ku karatu da shi, daga nan ne. Sannan ya shugabanci Jami'ar Bayero daga 2005 zuwa 2010. Shin za mu ce ya ɓata lokacinsa? Kowanne da irin baiwarsa. Laifinmu shi ne mun mayar da ɗayar hanyar ita kaɗai ce girma, har mai baiwar Bala yana tilasta wa kansa bin hanyar Jega.

Ni an neme ni in tsaya takara sau biyu, na ƙi. Ba tsoron Allah ya fi na kowa ba, na san kaina ne: ba ni da haƙurin zama taro na awa shida. Amma na mara wa wanda ya tsaya baya, kuma da ya hau ya sa mana wutar rana a ɗakin gwaji. Ya yi min abin da ban iya yi wa kaina ba.

Mai Binciken Iri:
Allah ya gafarta Malam, ka gama magana, sai dai in ƙara ɗan abu daga fanninmu na noma. A wurinmu shekara biyar ba komai ba ce. Kafin iri ɗaya ya fita daga gonar gwaji ya isa hannun manomi ana iya cin shekara goma. Waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso, wanda cibiyar Samaru ta fitar a 2019 ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, kusan haka ya ɗauka. Gebisa Ejeta ɗan Habasha ya ƙarar da rayuwarsa a kan dawa mai jure ƙuduji kafin ya sami kyautar abinci ta duniya a 2009, kuma a Jami'ar Purdue ta Amurka ya sami natsuwar yin haka. Marigayi Andrew Nok ya yi shekaru a Zariya yana bin ƙwayar cutar sammore kafin duniya ta san shi. Irin wannan aiki in aka tsinke shi a tsakiya ba ya jira. Yajin aikin 2022 wata takwas ya ɗauka, damina guda ta wuce, duk wanda gwajinsa ke gona ya san abin da ya rasa.

Shugabannin Afirka sun yi alkawari tun 2006 a Khartoum cewa kowace ƙasa za ta kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinta a bincike. Da yake ba a cika ba, kuɗin daga waje yake zuwa, kuma mai ba da kuɗi mutum yake sani, ba jami'a ba. Shi ya sa ɗakin gwaji ke mutuwa da tafiyar mai shi. Abin da zan ce wa ƙaninmu: matsalar ba tafiyar malaminka ba ce, matsalar ita ce bai raini magaji ba, ko ya raina bai sanar ba. A cikinku wa ya taɓa rubuta neman tallafi da sunansa a gaba?

Ƙaramin Lakcara:
Babu, ranka ya daɗe. Mu ke tara bayanai, mu ke rubuta rabin takardar, amma sunansa ne a sama, kuma ba mu taɓa ganin haka a matsayin matsala ba.

Tsohon Magatakarda:
To ka je ka same shi, ɗana, tun kafin a kira su ganawa. Ba a waya ba, a gida, bayan la'asar. Kada ka ce masa kada ya nema, ba hurumin ka ba ne. Ka roƙe shi abu uku a rubuce: kowane ɗalibi a haɗa masa mai dubawa na biyu ta hannun makarantar manyan digirori, a sanar da masu ba da tallafi sunan mataimakinsa a hukumance, a kuma sa wani cikinku a masu sa hannu a asusun aikin. Na ga ayyuka da kuɗinsu a banki sun tsaya cak don mai sa hannu ɗaya ne kuma yana Abuja.

Malamar Lissafi:
Batun jami'in jarrabawa kuma, in ba za ka iya ƙi ba, ka karɓa da sharaɗin shekara biyu, a rubuta a takardar naɗin, kuma a rage maka kwas ɗaya. Ni ban nemi haka ba.

Ƙaramin Lakcara:
Na dawo da bayani kamar yadda na yi alkawari a zuciyata. Na je jiya. Ya saurare ni har na gama, ya yi shiru, sannan ya ce shi ma abin na damunsa, kawai bai ga wanda ya nuna yana son ɗaukar nauyin ba. Ya yarda da mai dubawa na biyu, ya ce in kawo masa sunaye ranar Litinin. Batun asusu ya ce sai ya yi magana da ma'aji. Sannan ya miƙo min takardar neman tallafin bincike na TETFund da ke kan teburinsa, ya ce wannan karon ni zan jagoranta, shi zai zo a na biyu. Ban taɓa tsara kasafin kuɗin bincike ni kaɗai ba. Malam mai binciken iri, don Allah in akwai tsohon samfuri a wurinka da zan duba yadda ake jera kuɗin kayan gwaji da na tafiye-tafiye, a taimaka min da shi kafin Alhamis.